Bakin da Delphine Ta Ara Wa Mutum Arba'in da Uku

Kafin rana ta taɓa kan jajayen duwatsun da ke bayan garinmu, Delphine Etsitty ta riga ta fito ƙofar ɗakinta mai kallon gabas, ta watsa ɗan farin garin masara, ta yi addu'arta. Ba ta daɗewa a kai. Takan dafa wa mahaifiyarta kofi, ta buɗe wa tumaki garke, ta leƙa duron ruwa ta ga ko zai kai jibi, sannan ta hau tsohuwar akori-kurarta ta kama hanyar ƙasa, mil ashirin da biyu, zuwa ƙaramin asibitin Rijiyar Hankaka. Ma'anar sunan garin ke nan a harshen ƙabilarmu ta Diné, ko da yake rijiyar ta daɗe da ƙafewa, hankakin ne kawai suka cika alkawari suka zauna. Shekara ashirin da tara tana wannan tafiya. Ranar Juma'ar da ta wuce ta yi ta ƙarshe.

Ita ba likita ba ce, ba nas ba ce, ko allura ba ta taɓa yi wa kowa ba. Teburinta yana bakin ƙofa, tsakanin injin ruwan sha da tagar karɓar magani, aikinta kuwa takarda. Ita ke cike wa mutane fom ɗin katin inshorar lafiya na gwamnati, ita ke sabunta shi, ita ke karanta wasiƙun da jiha ke aikowa akwatin gidan waya guda da gida biyar ke tarayya a kai, wasiƙun da sukan iso bayan wa'adin da ke cikinsu ya wuce. Duk wanda ya zauna gabanta, kafin ta tambayi ranar haihuwarsa sai ta faɗi danginta huɗu, na uwa, na uba, da na kakanninta maza biyu, shi ma ya faɗi nasa. Daga nan ta san ko ɗanta ne, ko kawunta, ko kakarta. Wani sabon shugaban asibiti ya taɓa ce mata wannan yana cin lokaci. Ta ce masa, "Yallaɓai, mutum yakan ɓoye wa baƙo, amma ba ya ɓoye wa uwarsa. In kana son fom ya cika daidai, bar ni in zama uwarsa tukuna."

Kakanninmu da gwamnatin tarayya suka yi yarjejeniya, ba da jiha ba. An karɓi ƙasa, aka yi alkawarin magani. Ƙasar an karɓe ta gaba ɗaya, maganin kuwa da cokali ake auna shi. Da can, in shekara ta yi rabi kuɗin magani ya ƙare, sai a ce wa mai ciwo ya yi haƙuri zuwa sabuwa, in dai ba rai ne a bakin ƙofa ba. Sai shekarar da majalisar jiha, bayan dogon ja-in-ja, ta yarda a faɗaɗa inshorar ta haɗa da manya marasa ƙarfi, ba yara da masu ciki kaɗai ba. A wata shida Delphine ta yi wa mutum sama da ɗari bakwai rajista, wasu a teburinta, wasu a kan murfin injin motarta, a ƙofar gidaje da wajen ɗiban ruwa. Katin ya zo da wani abu da a nan ya kusa fin maganin kansa: farar mota mai ɗaukar majiyyaci daga ƙofar ɗakinsa zuwa babban asibitin birni, tafiyar awa uku, ta jira shi, ta dawo da shi.

Cikin masu hawa motar akwai Wilbert Tsinajinnie, maƙerin azurfa, ɗan shekara sittin da ɗaya a lokacin, ɗan kawun Delphine, wato taubashinta. Ciwon sukari ya taɓa masa idanu. Duk wata ana yi masa allura a cikin ƙwayar ido can birni, bayanta ba ya iya tuƙi, kuma dama motarsa ta daɗe da zama ɗakin kaji. In ya shigo asibiti, masu jiran layi sukan gyara zama.

"Ina kwana, matar gwamnati? Yau wa za ki ɗaure da takarda?"

"Kai ne, taubashi, zauna. Ka sha maganinka, ko ka sake ba akuya?"

"Akuyar ta fi ni samun sauƙi, je ki gani."

"Ai ita tana jin magana."

Shekara uku da suka wuce, jiha ta rubuta wa gwamnatin tarayya tana neman a sassauta mata wasu ƙa'idojin shirin. A shafi na sha ɗaya akwai layi biyu: za a daina biyan motar ga manyan da aka ƙara daga baya. Katin yana nan, allurar tana nan, hanyar kawai za a ɗauke. Ƙa'ida ta ce kafin jiha ta aika irin wannan takarda dole ta zauna da ƙabilu, ta ji ta bakinsu, ta haɗa abin da suka ce ta aika tare.

Aka turo wata jami'a, Misis Carol Brandvold. Mace ce mai kirki, kuma kowa zai shaida haka. Ta zo ɗakin taron gari kan lokaci, ta ci romon tunkiya da soyayyen burodi, ta yaba, ta ajiye ɗan agogonta mai ba kowa minti uku. Sannan ta ce, Delphine tana fassarawa, "Duk wanda wannan canji zai cutar, ya tashi ya faɗi sunansa, ya gaya mini abin da zai same shi."

Ɗakin ya yi tsit. Mutum kusan tamanin, kowa ya sami abin kallo a kan takalminsa.

A wurinmu magana tana da ƙafa. Abin da ka faɗa a kan kanka, ka share masa hanya ya zo. Ba a ce wa mutum zai rasa ido, shi ma ba ya faɗa da bakinsa. Likitocin da suka daɗe a nan, Delphine ce ta koya musu yadda ake yi: a ce akwai wani mutum can wani gari da ya daina shan magani, ga abin da ya same shi. Mai ciwon ya gane, ba a kuma ɗora masa komai ba. Haka wata tsohuwa ta yi ran nan, don kada baƙuwa ta tafi hannu wofi. Ta miƙe a hankali ta ce akwai wata mata can wani gari da ba ta da mai kai ta asibiti.

"Tana cikin ɗakin nan?" in ji Misis Brandvold.

Tsohuwar ta turo leɓe ta nuna nesa, wajen duwatsu.

"Mene ne sunanta?"

Tsohuwar ta koma ta zauna. Jami'ar ta jira iyakar abin da take ganin ladabi ne, ta rufe alƙalaminta, ta yi godiya.

Bayan mako biyu rahoton ya fito. Delphine ta karanta shi a tsaye, sau biyu: an zauna da al'umma, an ji labarai na gama-gari, babu wanda abin ya shafa kai tsaye da ya nuna damuwa. Ba ƙarya aka rubuta ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta kai takardar gaban majalisar ƙabila, majalisa ta rubuta wa jiha cewa wannan zama tsakanin gwamnati da gwamnati ne, ba a gama shi da kwano ɗaya na romo. Aka ba da zama na biyu, nan da mako uku.

Mutum arba'in da uku ne ke hawa motar a kai a kai, kuma ta san ƙofar kowannensu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ba ta kofi, kowa ya yi mata hirar ruwan sama da kuɗin ulu, babu wanda ya ce zai tashi. Ta bar Wilbert a ƙarshe, don tana tsammanin shi nata ne. Ta same shi da hantsi a rumfar ƙirarsa, ya kusa haɗa hancinsa da munduwar da yake bugawa.

"Minti biyu kawai, Wilbert. Ka ce ana yi maka allura, ka ce in motar ta tsaya..."

"Tsaya nan." Ya ajiye guduma. Ran nan ba matar gwamnati, ba akuya. "Ke da kika koya wa Turawa yadda ake yi mana magana, ke ce za ki zo ƙofata ki ce in kira abu da sunansa? Barci yake yi, ƙyale shi."

"Ba barci yake yi ba. Yana shafi na sha ɗaya."

"To ya zauna can."

"In ka yi shiru za su ce ka yarda."

"Su ce. Baki nasu ne. Nawa ni zan kwana da shi."

Kada mai karatu ya ɗauka Delphine ta yi boko ta wuce waɗannan abubuwa. Matar da ke watsa garin masara kowace safiya ce, kuma ciwon sukarin nan yana cikin jininta ita ma, shekara tara tana shan magani. Abin da Wilbert ke tsoro, ita ma shi take tsoro, ba ragi. Saura kwana biyu a yi zaman, ta zauna gefen mahaifiyarta, Nellie, mai shekara tamanin da bakwai, da la'asar, tsohuwar tana kaɗin ulu. Ta gaya mata abin da ta yi niyya.

Mazarin bai tsaya ba. Can tsohuwar ta ce, "Baki ɗaya gare ki, 'yata. Kaya arba'in da uku za ki ɗora masa?"

"Inna, in ban ɗauka ba kowa zai ɗauki nasa. Kuma ba da baki zai ɗauka ba."

Nellie ta ƙarasa zaren da ke hannunta, ta naɗe shi. Ta cire sarƙar shuɗin dutsen da ke wuyanta tun aurenta, ta ɗora wa 'yarta a cinya ba tare da ta dube ta ba. "Ki ci abinci kafin ki tafi," ta ce. "Ba a ɗaukar kaya da yunwa."

Ran zaman ɗakin ya fi cika, don an ji za a yi wani abu, ba a san mene ne ba. Misis Brandvold ta ajiye agogonta, ta maimaita tambayarta. Delphine ba ta fassara ba. Ta miƙe, ta faɗi danginta huɗu, sannan ta ce wa jama'a da harshenmu, "Abin da zan faɗa nawa ne. Kada kowa ya ɗauka ya kai gidansa." Ta juya ga jami'ar da Turanci. "Ni ma'aikaciya ce, motar nan ba ta ɗaukata, ki rubuta wannan tukuna don kada a ce na yi ƙarya. Mutum arba'in da uku ne a nan ba za su faɗi abin da kike tambaya ba, kuma shirunsu ba yarda ba ce. Zan faɗa a kaina. Takardunsu za su yi shaida."

Ta kalli bango, sama da kan kowa.

"Ni, Delphine Etsitty, ana yi mini allura a ido duk wata. In motar ta daina zuwa, cikin wata uku idona na hagu zai mutu, na dama ya bi shi."

Wilbert ya ɗauki hularsa ya fita.

"Ni, Delphine Etsitty, akwai gyambo a ƙafata da ake wankewa a birni. In motar ta daina zuwa, za a yanke ƙafar daga gwiwa. Ni, Delphine Etsitty, ana yi mini maganin ciwon daji a nono. In motar ta daina zuwa, zai dawo, ba zan ga askin tumaki na baɗi ba."

Waɗanda suka halarta sun ce mata da yawa sun ja mayafi sun rufe fuska. Wata ta toshe wa jikarta kunne. Agogon ya yi ƙara a minti na uku, Misis Brandvold ta dube shi, ta kife shi a kan tebur, ta ci gaba da rubutu. Muryar Delphine ba ta hau ba, ba ta sauka ba, kamar mai karanta jerin magunguna. Hannunta na hagu ne kawai ya riƙe sarƙar mahaifiyarta gam. Sau arba'in da uku ta kira sunanta. Ta makance, ta gurgunce, zuciyarta ta tsaya, ta mutu sau shida a gaban 'yan'uwanta, cikin minti hamsin.

Da ta gama ta ɗauko faifai daga ƙarƙashin kujera ta miƙa wa na kusa da ita. Ta riga ta roƙi kowa ya zo da 'yar takardar da asibitin birni ke bayarwa, mai ɗauke da suna da rana da wurin zuwa, ba wani mugun abu a ciki. Wannan kowa zai iya bayarwa bakinsa a rufe. Faifan ya zagaya ya dawo da arba'in da biyu. Ana shirin miƙa shi sai ƙofa ta buɗe, Wilbert ya shigo, ya tako har gaba, ya saki tasa a ciki, ya juya. Ko inda taubashiyarsa take bai kalla ba.

Ba wanda ya tafa. A makonnin da suka biyo baya layin teburinta ya ragu. Wasu suka riƙa jira sai ranar da ba ta nan, wasu in sun zauna sai su ja kujera baya kaɗan, kamar mai gudun tartsatsi. Ba ƙiyayya ba ce. Mace ce da ta kira abubuwa arba'in da uku da sunansu, kuma ba a san wanne ne ya amsa ba. Ta ci gaba da zuwa ƙarfe bakwai da rabi. Ta ci gaba da faɗin danginta ga duk wanda ya zauna. Wilbert ya yi wata huɗu in ya shigo sai ya wuce tagar magani kai tsaye.

Sai wata Asabar da safe, tun ba a san abin da jiha za ta yanke ba, wata motar aro ta tsaya a ƙofar gidansu, tumaki biyu ɗaure a baya. Nellie ta riga ta yi magana da mai waƙoƙin albarka, a yi wa 'yarta bikin wanke baki da maido da lafiya, kuma irin wannan biki yana cin nama. Wilbert ya sauko ya fara kwance igiya.

"Ba don ke ba ne," ya ce. "Don Goggo Nellie."

"Na sani."

"Kin ce na hagu. Na dama ne ya fi damuna. Shekara nawa kina riƙe da takarduna, ko wannan ba ki sani ba."

"Da gangan na sauya, taubashi. Don in ya zo nema ya ɓata hanya."

Ya ƙarasa kwance igiyar, ya sauke tumakin. Sannan ya ce wace irin mace ce za ta bar baƙo tsaye ba kofi.

Bayan wata bakwai jiha ta gyara takardarta, ta cire 'yan ƙabilu daga layukan nan biyu. Ba Delphine kaɗai ta yi ba, kuma za ta ji haushi in aka ce haka. Lauyoyin majalisa sun yi nasu, sauran ƙabilu sun aika nasu koke, kuma Misis Brandvold ta haɗa shafi goma sha tara na abin da ta rubuta ran nan ba ta rage kalma ba. Talakawan garuruwan makiyayan shanu da ke maƙwabtaka da mu, waɗanda ba 'yan ƙabila ba, su an ɗauke musu motar. Delphine takan ce wannan ne aikin da za ta bari bai ƙare ba, kuma ba ta son a yi mata jinjina a manta da shi. To, ga shi ban manta ba.

Ranar Juma'a aka yi mata walimar sallama a harabar asibiti, da romo da burodi da kunun shuɗiyar masara. Aka yi jawabai, wasu gajeru. Da aka kusa tashi Wilbert ya zo ya ajiye mata wani abu naɗe a hankici a kan teburin, kamar mai biyan tara. Munduwar azurfa ce, da ƙananan shuɗɗan duwatsu jere a kanta, kowanne bai kai ƙwayar dawa ba, kowanne zaune a gurbinsa daram. Ta laluba jaka ta ɗauko tabarau kafin ta iya ganin aikin sosai. Ba ta ƙirga a gaban mutane ba. Ba ta buƙata, ta san duwatsun arba'in da uku ne.

"Ni ba tabarau na yi shi," in ji Wilbert.

"Ƙarya kake yi, taubashi."

"Tambayi akuya."

Ke ce, Delphine, wadda ta san tsoron kuma ta shiga. Da ba ki yarda da al'adar ba, da abin da kika yi wayo ne kawai. Amma kin yarda da ita har ƙashi, kika tsaya kika buɗe wa masifa ƙofarki don kada ta ƙwanƙwasa ta maƙwabta. Ke ce ba ki ce wa tsofaffinmu su bar hanyarsu don a ji su ba, ba ki kuma bar baƙuwa ta tafi da shirunsu a matsayin sa hannu ba. Uwar masu takarda, mai teburin bakin ƙofa, mun gode.

Ga wanda zai gaji teburin nan, da duk mai zama tsakanin mutanensa da wata hukuma a ko'ina: ka karanta har shafi na sha ɗaya. In aka ce mutanenka sun yi shiru, ka tambayi kanka me shirun ke ɗauke da shi kafin ka bari a rubuta shi.

Kuma tunda magana tana da ƙafa, ga tamu, Delphine, mu ma a kanki za mu faɗa, da sunanki. Idanunki biyu za su ga askin tumaki na baɗi da na shekaru masu yawa bayansa. Ƙafafunki za su kai ki garke su dawo da ke. Zuciyarki za ta yi ta bugawa har ki gaji da taubashinki. Mun share wa waɗannan hanya, su zo.

Ranar Litinin, ƙarfe shida na safe, farar motar za ta tsaya a ƙofar Wilbert. Ranar allurarsa ce.